Ragon Larai da Wuƙar Labbo

Yayata Larai Kirista ce, ni Musulma, kuma uwa ɗaya uba ɗaya muke. Na faɗa tun da wuri don kada wani ya zo tsakiyar zance yana zare mini ido. Ban bi hanyarta ba, ba ni kuwa da niyya, ita ma ta gaji da ja na tun tuni. Amma duk wanda ya ce mini Larai ba ta san Allah ba, mu haɗu bakin tashar Malbaza, in wanke shi tas ba sabulu.

A Tajaye anka haife mu, gidan Malam Mahaman. Labbo ne babba, sai Larai, sai ni Wasila, auta. Auren Larai na fari bai yi ƙarko ba, sai ta gangaro Malbaza tana sayar da tuwo da miyar kuka ga ma'aikatan kamfanin siminti da direbobin kamiyo, manyan motocin kaya. A nan ciwon ƙirji ya kwantar da ita wata huɗu, har munka fidda rai. Matan majami'a ne sunka yi jinyarta, su wanke ta, su wanke tsummokaranta, su dama mata kunu. Da ta tashi, ta tashi da addininsu. Mutane sunka ce da kunu da magani anka saye ta. Ita ta ce a'a, a kwancen nan ne ta ji labarin Yesu, wanda mu muke ce wa Annabi Isa, ya shige mata rai ya ƙi fita. Shekara na zagayowa ta auri Ayuba, mai ɗaukar buhun siminti, mutum shiru-shiru wanda ko kaza ba ya iya kora.

Ranar da labari ya kai Tajaye, Baba ya tara gida kaf ya rantse. Ya ce ba mai cin yankan gidan Larai cikin zuriyarsa, ita kuma ba ta ƙara taka zaurensa. Ya rasu bai janye ba. Inna kuwa, muna kallo tana zubewa kamar tsohuwar katanga cikin damina. Ƙafafu sunka ƙi, daga baya idanu ma sunka rufe, ta daina fita ko ƙofar gida.

Labbo ne ya samo ƙofa. Shi ba wani babban malami ba ne, manomi ne mai limancin ƙaramin masallacin unguwa, amma yana da kai. Ya shekara bakwai yana juya rantsuwar Baba, har ya gano inda ta yi sako-sako. Baba yanka ya ce, bai ce dahuwa ba. In shi Labbo ya riƙe wuƙa, to yankansa ne, ko da a gidan wa anka yi.

Tun daga nan, duk ranar Nowel, wato Kirsimeti, Labbo kan hau babur da wuƙa naɗe cikin tsumma ya zo Malbaza. Ya kayar da ragon Larai, ya fuskantar da shi gabas, ya yi bisimilla ya yanka. Larai ta dafa. Kafin kowa ya ɗanɗana, sai ta cika wani jan kwano mai murfi da hanta da romo, Labbo ya ɗaure shi bayan babur ya kai wa Inna. Inna ta ci, ta mayar da kwanon da wake ko daddawa, don ba ya komawa wayam. Wannan kwano shi ne duk abin da ya rage tsakanin uwa da ɗiya, sau ɗaya a shekara, har shekara goma sha shida.

Ni ina gani da idona, don aure ya kawo ni Malbaza, katanga ɗaya ta raba gidana da nata. Limaminsu na lokacin, Fasto Bawa, tsoho ne mai barkwanci. Shi ke riƙe wa Labbo ƙafafun rago. Ya ce, "Malam, yaushe za ka zo gida?" Labbo ya ce, "Fasto, ai na aje maka wuri a sahun gaba, kai nike jira." Su yi dariya, kowa ya tafi da addininsa. Ko da Ayuba ya rasu a dubu biyu da uku, Larai ba ta fasa ba. Da kaka ta sayi ɗan rago, ta yi ta ɗura masa dussa da harawa.

A dubu biyu da shida tsufa ya mayar da Fasto Bawa garinsu, anka kawo Fasto Iliya. Saurayi ne, ya yi karatun addini can ƙetaren iyaka, ya zo da lasifika da addu'a mai ƙarfi wadda har gidana nike ji. Gaskiya ɗaya ce, ba mugu ba ne. Yana duba marasa lafiya, yana azumi har wuyansa ya zama kamar na zalɓe. Amma ya zo da mudunsa, kuma duk garin sai ya auna da shi.

Farkon Disamba ya zo gidan Larai da dattawan majami'a biyu. Ina zaune gefe ina tsince mata shinkafa, ban kuwa tashi ba, ai gidan yayata ne. Rago na ɗaure gindin dogon yaro yana tuƙa.

Bayan gaisuwa Fasto ya ce, "Mama Larai, an gaya mini abin da ban ji daɗinsa ba. Wai Musulmi ke yanka miki ragon Nowel."

Ta ce, "Ba wai ba ne, Fasto. Wana ne, Labbo."

"Kin san abin da yake faɗi a kan wuƙar?"

"Na sani. Da sunan Allah, Allah ne mafi girma. Wanne ne ƙarya ciki?"

Ya gyara zama. "Allahn da yake kira ba namu ba ne. Namu Uba ne, ya aiko Ɗansa. Su kuwa sun ce nasu ba shi da ɗa. Naman da aka yanka da sunan wani allah dabam, mai bi ba ya ci, balle a ranar haihuwar Mai Ceto."

 Larai ta ce, "Fasto, ni ban yi lakwal ba, ban san boko ba. Amma tun ina goye nike jin sunan nan. Da ciwo ya kwantar da ni, shi na kira. Da na shiga majami'a, na iske shi kuke kira, a waƙa da addu'a da Littafi. Ba wanda ya ce in tuɓe shi bakin ƙofa kamar takalmi. Ka ga ni da Labbo, ubanmu ɗaya. Labbo na cewa Baba adali ne, ni ina cewa mai tsanani ne, tunda ya kore ni. Mun saɓa kan halinsa, wataƙila ɗayanmu bai san shi daidai ba. Amma uban bai zama biyu ba."

Ya ce, "To ki riƙa cewa Ubangiji, don a bambanta."

Ta ce, "Labbo ma Ubangiji yake cewa."

Dariya ta kubce mini, har shinkafa ta zube. Ɗaya daga cikin dattawan ya harare ni, na rama, don ni ba ƙarƙashinsa nike ba.

Fasto bai yi dariya ba. Ya ce ranta yake jiye wa tsoro, kuma akwai sababbin masu bi da ke kallonta suna rikicewa. Ta ce Yesun da ta sani ya ci abinci gidan mutanen da kowa ke gudu, ba ta taɓa jin ya leƙa madafa yana tambayar wa ya yi yanka ba. Ya ce wannan dabam, wancan dabam. Ƙarshe dai ya yanke: in Labbo ne zai yanka, za a sa ta horo.

Sai in bayyana horo ga wanda bai sani ba. Akwai benci ɗaya can baya, kusa da ƙofa, inda ake zaunar da wanda ya yi laifi, mazinaci ko mashayi. Mai horo ba ya waƙa gaba, ba ya shugabantar komi, kuma ba ya cin jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da suke zagayawa da su don tuna mutuwar Yesu. Yana nan har ranar da zai miƙe gaban jama'a ya ce ya tuba. Larai kuwa ita ce shugabar matan zumunta, ƙungiyar matan majami'a, kuma tun da anka yi mata baftisma jibin nan bai taɓa wuce ta ba.

Ta ce, "Ku share mini bencin. Labbo zai yanka."

Kada wani ya ɗauka abin bai dame ta ba. Lahadin farko da ƙoƙo ya zagaya ya tsallake ta, ta dawo gida ta shige ɗaki. Na iske ta zaune bakin gado da ɗankwalin zumunta a cinya, hawaye na zuba, mace mai shekara hamsin da 'yan kai. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Yaya, ki bar musu kayansu mana. Ƙofar Musulunci a buɗe take." Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Wasila, ba da Yesu nike rigima ba." 

Akwai wani ɗan Togo mai gyaran inji a kamfani, ɗan Katolika, da ke cin tuwo rumfarta. Da ya ji labari ya ce mata su a wajensu fada, wato limaminsu, ya koya musu Mahalicci ɗaya suke bauta wa da Musulmi, ko da sun saɓa kan Yesu, don haka ta koma cikinsu a huta. Ta zuba masa miya ta ce ta gode, amma ba gida take nema ba. Majami'ar nan, ita Larai da kanta ta ɗauko ruwan da anka kwaɓa ƙasar gininta, ba yaron da zai sa ta bar ta.

Ana cikin wannan sai wuta ta tashi ta ɗaya gefen. A Tajaye wani matashi, Sharifu, ya dawo daga karatu da kaset-kaset na wa'azi. Ya ce duk wanda ya yi yanka don Nowel ya taya kafirci murna, ba a bin shi salla, don abin da Kirista ke bauta wa ba Allahnmu ba ne. Ka ji fa. Sharifu da Fasto Iliya ba su taɓa haɗuwa ba, da za su haɗu ko hannu ba su ba juna, amma ga su sun yi baki ɗaya kan ragon tsohuwa. Sahun Labbo ya fara raguwa, yau mutum biyu, gobe uku. Labbo ya haura sittin, limancin nan shi ne duk mutuncinsa. Kwana uku kafin Nowel ya aiko wani direba ya ce a gaya wa Larai bana ta yi haƙuri.

Na zagi Labbo ranar, Allah ya yafe mini, wana ne. Larai kuwa ta ɗebi dussa ta kai wa rago.

Ranar Nowel da la'asar sai ga Fasto da dattijo ɗaya, dattijon riƙe da wuƙa. Fuskar Fasto a sake, kuma na yarda da zuciya ɗaya ya zo. Ya ce, "Mama, kin gani, Allah ya raba gardama. Bari dattijo ya yanka, Lahadi ki koma wurinki, ba sai kin ce komi gaban jama'a ba."

Wallahi na ɗauka za ta karɓa. Labbo ya gudu, ga ƙofa an buɗe mata kyauta, mi ya rage?

Ta ce, "Ragon nan ba nawa ba ne, na Inna ne. In kunka yanka, ba ta ci."

Dattijon ya ce, "Ki aika mata mana. Ba ta gani, wa zai gaya mata wanda ya yanka?"

Larai ta miƙe tsaye. "Uwata makauniya zan ciyar da ƙarya, ranar haihuwar Yesu? Kai ne dattijon majami'a, ni ce ke bencin baya, ko? Mayar da wuƙarka."

Shinkafa da wake munka ci a Nowel ɗin nan, rago na kallonmu.

A shekarar, Layya ta biyo Nowel da 'yan kwanaki. Washegarin salla, ranar da ake rabon nama gida-gida, Larai ta buga mini katanga da hantsi ta ce in ɗauki mayafi. Munka sa rago cikin motar kasuwa sai Tajaye. Duk garin na ƙamshin gashi, yara da manya na yawo da kwanoni, mu kuwa muna janye da rago ɗaya tilo mai rai a garin kaf. Mutane sunka bi mu da ido har ƙofar gidanmu.

Larai ta tsaya taki uku daga zaure, ba ta taka ba. Labbo na zaune ƙofar gida kan tabarma da mutanen unguwa, Sharifu ma na nan, ya zo barka da salla. Ta durƙusa ta gaida su, ta miƙa wa Labbo igiya.

Ta ce, "Yaya, Nowel ta wuce. Yau kowa da wuƙa a hannu. Ga ragon Inna."

Labbo ya sunkuyar da kai. Sharifu ne ya amsa, ya ce ai don Nowel anka yi niyyarsa.

Ta juya gare shi. "Ɗana, ni na kiwata shi, ni na san niyyata, don uwata na yi. Kai ka yi karatu, gaya mini tsakaninka da Allah. An hana uwa Musulma ta ci abinci daga hannun ɗiyarta Kirista?"

 In ba yaron haƙƙinsa, bai yi ƙarya ba. Ya ce, "Ba a hana ba."

"To mi ya rage?"

 Labbo na ta wasa da carbi, bai karɓi igiyar ba. Na buɗe baki ke nan in sauke masa kwandon magana, sai munka ji motsi cikin zaure. Inna ce, tana lalube bango, tana jan ƙafa. Muryar Larai ta jiyo daga tsakar gida, muryar da rabonta da ji shekara ashirin da uku. Matar da ta fi shekara goma ba ta ga waje ba, ta ƙetare zaure ita kaɗai. Maza sunka miƙe.

Ragon ta fara taɓawa, ta shafa bayansa ta ce ya yi ƙiba. Daga nan hannunta ya bi igiya har ya kai hannun Larai, ta riƙe gam.

Ta ce, "Labbo, ubanku ya ce kada ta shigo. Bai ce kada in fito ba. Ka yanka, ko ka ba ni wuƙar."

Labbo ya tashi ya shiga gida ya fito da wuƙa cikin tsummanta. Nan bakin hanya, gaban kowa, ya kayar da rago ya fuskantar da shi gabas. Da ya ce bisimillahi, Allahu akbar, na ji Larai ta ce amin, ba kuwa a ɓoye ba. Sharifu ya sa takalmansa ya tafi, mutum huɗu sunka bi shi.

Munka kafa duwatsu uku jikin katanga ta waje, Larai ta dafa a nan. Ta zo da jan kwanon, amma ba a yi aiki da shi ba. Inna na zaune kan tabarma, Larai na yanko hanta ƙanana tana hurawa tana sa mata a baki. Inna na ci tana cewa gishiri ya yi yawa, tun tana yarinya hannunta ke da nauyi wajen gishiri. Ni dai na juya baya na yi kukana.

Damina na tsakiya Inna ta rasu. Labbo bai sake samun cikakken sahu ba, su Sharifu sun gina nasu masallaci, shi kuwa yana jan tsofaffi bakwai ko takwas. Amma Nowel na zuwa ya hau babur ya zo da wuƙarsa, bai jira aike ba. Jan kwanon yanzu Larai gidan Fasto take aika shi. Yana dawowa yadda ya tafi, ko murfi ba a buɗe ba, ita kuma ba ta fasa aikawa ba.

Fasto Iliya ya zo mata ta'aziyyar Inna, ya daɗe, ya yi addu'a mai kyau. Da zai tashi ya ce, "Mama, yanzu ai dalilin ya ƙare. Kalma ɗaya ce. Ki miƙe ki ce kin tuba, ki dawo cikinmu."

Ta ce, "In ce na tuba da na ciyar da uwata?"

Ya ce, "Ba ki kewar jibin Ubangiji?"

Ta ce, "Ina kewa, Fasto. Duk ranar da ƙoƙon nan ya tsallake ni, sai na ji a ƙirjina. Amma ranar nan a Tajaye, bakin hanya, da nike sa wa Inna hanta a baki, ban ji Yesu ya yi nisa ba."

Shekara uku ke nan tana bencin baya. Duk Lahadi ita ke fara isa, ta kakkaɓe shi da gefen zanenta ta zauna, in an ta da waƙa muryarta ce ke fin ta kowa, har gidana ina ji. Ragon bana na nan ɗaure gindin dogon yaro, jiya ma ni na kai masa ruwa.